Tuzurun Reshe

Sani, jiya da hantsi na ji ka a tsakar gida kana gaya wa ƙanwarka za ka kira mai injin yankan itace ya sauke reshen nan na gabas, wai ya kwanto kan sabon ɗaki, kuma 'ya'yansa ba mai sha sai jemage. Kun san ni, magana a tsaye ba ta fita mini daidai, sai na zauna da takarda. Dukanku kun tashi kun ji ana ce wa reshen nan Tuzuru, kuna faɗa kuna dariya, ba wanda ya taɓa tambayata wa ya raɗa masa suna. Na kuma sha jin kuna ba jikokina labari wai kakarku Iya ta ƙi jinin boko, wai in ta ga littafi a hannuna sai ta juya baya. Allah Ya jiƙan Iya. Ban taɓa samun abokiyar karatu kamarta ba, ita da ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. To bari in jera muku yadda aka yi, in kun gama karantawa sai ku yi shawara.

Lokacin da nake ba ku labari Turawa na nan ba su tafi ba. Gidan nan ɗaki uku ne na ƙasa, da madafi mai jinka, da zaure inda babanku ya kafa keken ɗinkinsa. In ka leƙa ta kan katanga gonakin dawa kake hange har wajen Gyallesu. Mangwaron yana tsakiyar gida, ya ɗara kowane ɗaki tsawo nesa ba kusa ba. Kakanku Baba Tsoho ne ya shuka shi, shekarar da suka fito daga cikin birni suka tare a Tudun Wada. An ce wani fasinja ne ya ba shi mangwaro a tashar jirgi, ya sha, ya sa ƙwallon a aljihu, ya zo gida ya binne. Shi shekara biyu kawai na riske shi a raye, amma itacen na same shi da ƙarfinsa. Sai dai gaskiya ɗaya ce, 'ya'yansa ba na ba baƙo ba ne. Ƙanana ne, ga tsami, ga zare kamar an cusa abawa a ciki. Wanda ya sha ɗaya sai ya nemi tsinken tsintsiya ya yini yana sakace. Iya kaɗai ke sonsa. Takan zaɓi wanda ya faɗo da kansa, ta murza shi tsakanin tafukanta har ya yi laushi, ta huda kan, ta zauna tana tsotsa a hankali, idonta a lumshe.

Ina goyonka, yayarka Binta na tafiya ko'ina, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan wata Malama Asabe a bayan layinmu. Babanku bai hana ni ba, ya ce dai kada tuwo ya yi dare. Mata ne zube a tabarma, kowa da allonta da ɗanta, muna ba, bi, bu, muna yi wa juna dariya. Ni ba mai saurin ɗauka ba ce, amma in na riƙe ba na saki. Ranar da aka ba mu takardar shaida Malama ta baza 'yan littattafai a faifai ta ce kowa ta zaɓi ɗaya. Akwai na kiwon lafiya, akwai na labaru. Ni na ɗauki wani siriri mai koren bango, na itatuwa, don na ga hoton ɗorawa a kai, ta tuna mini gonar babana a Soba.

Bayan la'asar, in na ɗora sanwa, sai in shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro in buɗe shi. Ban iya karatun zuci ba a lokacin, sai na ɗora yatsa na faɗa da baki kalma ke shiga kaina. Iya tana gefe da mazarinta tana kaɗi. Ranar da na zo kan gawo ne ta tsayar da mazari.

"Sake faɗa, Malama." Sunan tsiyar da ta sa mini ke nan tun ranar da na shigo da takardar shaida.

Na sake karantawa. Littafi ya ce gawo yana kaɗe ganyensa da damina, rana ta sami shukar da ke ƙarƙashinsa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma ya yi sabon ganye dabbobi su sami inuwa.

"Mu dai tun muna yara gawo ƙi ruwan Allah muka sani," in ji ta. "Kowa na murna da ruwa, shi ya tuɓe ya tsaya yana fushi."

"Ga shi nan an ce dawa ke cin moriyar abin, Iya."

Ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Can ta ce, "Ashe kara yake yi. Shekara nawa ina zagin bawan Allah da girman kai."

Daga ranar karatu ya zama namu mu biyu. In na makara sai ta ce, yau mutumin naki ba shi da abin cewa ne? Mutumin shi ne mai littafin. Ba mu san shi ba, amma Iya ta ɗauke shi kamar baƙon da ke zuwa hira kullum, wata rana ta gaskata shi, wata rana ta ƙaryata shi a gaban idonsa. Da ya yabi dalbejiya, wadda a lokacin ake ta dasawa a bakin hanyoyi, ya ce kowa ya sa a ƙofar gida, sai ta ce ita ba ta saki jiki da baƙon da ganyensa ba ya shiga miya ba, a bari a ga halinsa tukuna. Da ya yi shafi guda a kan kuka, miyarta da igiyarta da garin 'ya'yanta, bai ce uffan a kan masu kwana a cikinta ba, ta gyaɗa kai ta ce mutumin yana da tarbiyya, ya san abin da ba a ambata. Da ya ce sare itatuwan bakin rafi ke sa ƙasa ta zaizaye, sun yi 'yan kwanaki ba sa shiri, don ita a ganinta zaizaya ikon Allah ce kawai. Sai da ta je suna Gyallesu ta bi ta bakin kwari, ta dawo ta ce, to, a nan ya ɗan taɓa gaskiya. Maƙwabta ma sukan shigo da tsinkar zogalensu su zauna, kowa na sa baki, har tuwo ya so ya yi daren da aka hana. Kuma na lura da abu ɗaya ban gaya wa kowa ba. In na fara karatu keken zaure yakan rage gudu, wani lokaci ya tsaya cak.

Ruwan farko na shekarar da iska ya zo. Da rana tsaka ne, ina kwashe shanya, na ji ƙara kamar an fasa dutse. Babban reshen yamma ne ya tsage ya faɗo kan madafi, ya murƙushe jinka, ya tsaga katanga. Fitowar Binta ke nan daga madafin da ludayi a hannu. Ganye kawai ya shafe ta. Da ruwa ya ɗauke babanku ya zagaya itacen, ya dubi sauran rassan da suka yi wa ɗakuna rumfa, ya je ya durƙusa gaban Iya.

"Iya, itacen nan ya fi ƙarfin gidan. Yau Allah Ya tsare. Ina so in kira masu gatari."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta jawo Binta jikinta tana shafa mata kai, ta ce, "Rai ya fi itace, Ɗanjuma. A sare."

Ita ta faɗa da bakinta, ba wanda ya tilasta ta. Amma washegari ba ta fito da mazari ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ba itacen baya, ni kuma ina gindinsa da littafi a cinya na kasa buɗewa. Ina jin wannan zaman ne Binta ta riƙe a ranta tana yarinya, har ya zama labarin da kuke bayarwa. Na kai mata fura, ta kurɓa kaɗan ta ture. Ba abin da mijinta ya bari na hannunsa sai wannan itace da buzun sallarsa, gidan ma babanku ya sake ginin rabinsa. Masu gatari kuwa suka ce sai sun gama wani aiki a Dutsen Abba, za su zo bayan Juma'a.

A ƙarshen littafin akwai wani babi da na daɗe ina tsallakewa, don na ɗauka ko ni ce ban haɗa baƙin daidai ba. An rubuta wai auren itatuwa. Kunya ma nake ji in karanta irin wannan gaban surukata. A kwanakin nan na zauna na bi shi ni kaɗai, na sake bi, har na gane abin da ake nufi. Sannan na ja tabarma zuwa ƙofar ɗakin Iya.

"Iya, mutumin ya zo da magana."

"Ce masa ba na jin daɗi."

"Ya ce ana yi wa mangwaro aure."

Ta juyo a hankali. "Aure. Da wa?"

Na karanta mata. In tsohon itace ya yi tsawo ainun, ko 'ya'yansa ba su da kyau, ba sai an kashe shi ba. A sauke manyan rassansa ƙasa-ƙasa, a bar ɗaya ya riƙa ciyar da saiwa. A samo 'yan rassa masu kaurin yatsa daga itace mai daɗin 'ya'ya, a feƙe su, a tsaga jikin tsohon a soka, a naɗe da ƙyalle, a shafe da kakin zuma. In sun kama itacen zai tashi gajere, ya haifi irin na wancan.

Iya ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar iska, har tana share ido. Sai kuma ta tsaya.

"To dakata. In ya haihu, 'ya'yan na wa ne? Na marigayi, ko na gidan da aka ɗauko reshen?"

Na duba littafi sama da ƙasa, mutumin bai faɗa ba. Na ce, "Ɗanɗanon na can ne, Iya. Amma ruwan da za su sha, ta saiwar marigayi zai bi."

Iya ta ce, "Haka ne. Ke ma a naɗe cikin zane aka kawo ki daga Soba, ba mu san ko za ki kama ba. Ga Binta nan, wa ya ce ba ta gidan nan ba ce? Kira mini Ɗanjuma."

Babanku ya saurara har ƙarshe, da igiyar awo rataye a wuya. Ya ce shi bai taɓa jin an ɗinka itace da itace ba, amma tunda za a sauke rassan da ke ba shi tsoro, ya yarda. Sai dai ya kafa sharaɗi. In aka kai kaka ba abin da ya kama, ba zai zauna da kututture a tsakar gida yana tara masa gara ba, tumɓukewa za a yi. Iya ta ce ta ji.

Saura amarya. Iya ce ta fara kiran reshen haka, ta ce wadda ake ɗaukowa a kai gidan wani ai ita ce amarya. A duk layinmu itace ɗaya ne ya cancanta, na gidan Baban Nkechi kafinta, mutumin ƙasar Ibo, wanda ya samo dashensa daga gonar gwamnati ta Samaru. 'Ya'yansa manya, ba zare, ana yanka su da wuƙa kamar gwanda. Mu mangwaron Samaru muke ce masa, ba mu san shi ma aure aka yi masa ba. Matar gidan, Maman Nkechi, a wurinta muke sayen manja, kuma Hausa a bakinta kamar a Zariya aka yanke mata cibi. Babanku ya ce bari ya yi wa mijin magana ya miƙo mana 'yan rassa. Iya ta ce a'a.

"Ba a ɗaukar 'yar mutane ta kan katanga. Da goro ake zuwa."

Ta ɗaura wankakken zanenta, ta ƙulle goro fari da ja, muka tafi, ni a baya da lulluɓi. Maman Nkechi ta ajiye kwalbar awo ta shimfiɗa mana tabarma. Aka gaisa, aka tambayi yara da gajiya. Sannan Iya ta tura goro gabanta.

"Mun ga 'ya a gidan nan, mun yaba da hankalinta. Muna nema wa namu."

Matar ta dubi Nkechi da ke rarrafe a bakin ƙofa, ta dube mu. "Iya, wannan ko haƙora ba ta gama ba."

"Ba ita ba. Waccan doguwar ta bayan ɗaki, mai koren zane."

Da na yi mata bayani ta gane, ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma goron da hannu biyu ta karɓa, ta ce su ma a wurinsu ba a mayar da goro.

"Sai dai ku sani, auren 'yan garinmu da tsada. Kuma angon naku na san shi. Tsoho ne, ga tsamin rai."

"Tsoho ne," in ji Iya, "amma yana da gida, yana da asali."

"To sadakinta daddawar nan taki da kike ɓoye mini sirrinta. In ta haihu kuma, ɗan fari nawa ne."

Baban Nkechi da kansa ya zo da babban zartonsa, shi da babanku suka yini suna sauke rassa da igiya, ɗaya bayan ɗaya. Aka bar na gabas, don a lokacin shi kaɗai ne ba ya kallon ɗakin kowa. Da yamma gidan ya yi wani irin haske mara daɗi, kamar an yi wa mutum aski ba shiri. Iya ba ta kalli aikin ba. Sai da aka share ta fito, ta ɗaga kai ta dubi reshen da ya rage shi kaɗai.

"Kowa za a yi masa aure ban da kai. Zauna nan, tuzuru."

Sani, ka ji inda sunan ya fito.

Ni da Iya muka ɗaura auren farko. Ni ke karantawa ina fiƙa da wuƙar yankan kuɓewa, ita ke naɗewa, tana yi wa amare nasiha, a yi haƙuri, a riƙe sirrin gida. Muka soka su a bakin guntayen rassan, muka shafe da kaki. Kullum da safe sai ta zagaya ta gaishe su. Aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana. Da lokacin buɗar kai ya yi muka warware ƙyallen, sai muka tarar duk sun yi baƙi, sun bushe ta sama sun ruɓe ta ƙasa. Ko ɗaya bai kama ba.

"Sun yi yaji," in ji Iya. Ta so ta mayar da abin wasa, muryar ta ƙi.

Ban ji daɗin kwanakin nan ba. Ni na kawo maganar, ni na sa mata rai, ga dawa ta fara tsawo, kaka na matsowa. Na koma wa littafi, amma shi littafi in ka sake tambayarsa maimaita maka kawai yake yi. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali, itacen bai mutu ba. Tuzuru na ciyar da shi, guntayen rassan kuma suka fara fitar da sabon toho, jajaye, suka yi kore, suka kai kaurin yatsa. Mutumin ya ce a kan irin wannan tohon ma ana yi, har ya fi saurin kamawa. Ranar nan ina sake karanta wa Iya wurin, na zo inda aka ce a tabbata ɓawo ya haɗu da ɓawo, sai keken zaure ya tsaya. Babanku ya shigo, ya ɗauki ɗaya daga busassun amaren da Iya ta ƙi zubarwa, ya juya shi a hannu.

"Wa ya feƙe wannan?"

"Ni ce, Malam."

"Da me, da haƙori?"

Iya ta ce, "Kai da ka iya, ina ka shige?"

"Sake karanta mini wurin."

Na karanta. Ya ce, "Ai wannan ɗinki ne. In baki bai haɗu da baki ba, ko da alharini ka ɗinka sai ya ɓalle. Fiƙar kuma irin ta alƙalami ce, shara ɗaya ake yi, ba a sassaƙa."

Iya ta koma gidan Maman Nkechi da wani goron, wai biko. Matar ta ce wannan karon in aka wulaƙanta mata 'ya'ya sai gaban alƙali. Marka ta lafa. Babanku ya wasa askarsa, ya yanko ƙyalle daga farin yadi mai kyau, ba tsumma ba, ya hau tsani. Ni ina ƙasa da littafi ina faɗa masa abin da ke biye, shi yana fiƙa yana haɗawa, Iya na miƙa narkakken kaki a kasko tana cewa a sassauta ɗauri kada a shaƙe 'yar mutane. Mutumin da ya ce bai taɓa jin an ɗinka itace ba, shi ne ya sauko yana gargaɗi kada wanda ya taɓa masa aiki.

Iya ce ta fara gani. Wata safiya ina wanke-wanke ta kira ni ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun ta da mai barci. A kan ɗaya daga cikin amaren ido ya fashe, ɗan ganye ja kamar kunnen ɓera ya leƙo ta saman ƙyalle. Ba duka suka kama ba, wajen rabi ne, amma kowane guntun reshe ya sami tasa. Ranar buɗar kai Iya ta sa na toya waina aka kai gidan Maman Nkechi. Kaka ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙara ambatar masu gatari.

Sai a bazara ta uku suka haihu. 'Yan kaɗan ne, manya, masu jan kumatu. Na farko aka kai wa Maman Nkechi kamar yadda aka yi alkawari. Na biyu na yanka wa Iya a tasa. Ta ɗanɗana, ta ce amarya ta iya girki, ba a raina mata ba. Sannan ta tura tasar gaban Binta, ta ce a duba mata ko Tuzuru ya yar da wani abu. Aka kawo, ta murza, ta huda, ta lumshe ido.

Tana cikin tsotsa babanku ya shigo da zarton da ya aro. Ya ce ya tuna akwai abin da mutumin ya faɗa a kan reshen da aka bari, in ɗauko littafi in karanta wa Iya, don kada ta ce shi ya ƙaga. Na san abin da ke wurin. Da na so in sassauta kalmomin, da na iya, don ba mai karatun boko a cikinsu. Amma ban taɓa yi wa Iya ƙarya da bakin mutumin ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na ɗora yatsa na karanta. In auren ya kama ya yi ƙarfi, sai a sare reshen da aka bari, don ya gama aikinsa, in an ƙyale shi zai rinjayi sauran ya shanye musu abinci.

Iya ta ajiye ƙwallon. "To," ta ce. "Mutumin bai yi mana ƙarya a kan auren nan ba. Tunda ya gama aikinsa." Ba ta ƙarasa ba. Ta shiga goge hannu da gefen zane, hannun ya bushe tana ta gogewa.

Ni ba mai musu da babanku ba ce, kun sani. Na rufe littafin na ɗora a cinya.

"Malam, a bar shi."

"Ke da kullum littafi ya ce, littafi ya ce?"

"Gaskiya ya faɗa. Zai ci abincin sauran, za mu sami 'ya'ya kaɗan. Na yarda da wannan."

"To?"

"Shi maganar kowane itace yake yi. Bai san wanda ya sa ƙwallon nan a aljihu ba. In ka sare wannan, saiwa na nan, amma ba wanda zai ƙara jin ɗanɗanon abin da Baba Tsoho ya sha a tasha."

Babanku ya tsaya da zarto a hannu. Ya dubi reshen, ya dubi uwarsa. Can ya ce, "Tuzuru da cin tuwon wasu, ai dama halinsa ne." Ya fita ya mayar wa kafinta kayansa.

Iya ba ta yi mini godiya ba, ba a yin haka tsakaninmu. Washegari dai bayan la'asar ta riga ni shimfiɗa tabarma, ta ce in koma farkon littafin, akwai maganar ɗorawa da ba su gama ba ita da mutumin.

Abin da littafi ya faɗa kuwa ya tabbata. Tuzuru ya yi kauri ya fi kowa, kuma rassan da ke kusa da shi ba su taɓa cika 'ya'ya ba. Kowace bazara sai babanku ya tsaya ya ɗaga kai ya ce ga aikin Malama nan, ni kuwa in ce na gani, Malam. Haka muka yi ta yi har ya bar duniya, kuma bai sake aro zarto ba. Iya ta sha mangwaron mijinta wasu shekaru bayan haka kafin Allah Ya karɓi abinsa. Su Maman Nkechi suka koma ƙasarsu a shekarun da mutanensu da yawa suka koma, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wanda ya sayi gidan ya sare uwar amaren ya gina shago. Yanzu abin da ya rage na gidajen nan biyu yana tsaye kan gindi ɗaya a tsakar gidanku. Littafin yana cikin adakata, gara ta taɓa bangon, amma babin aure na nan lafiya, har da ɗigon kaki a gefe.

Ban ce kada ka taɓa reshen ba, Sani. Rai ya fi itace, Iya ce ta faɗa, kuma 'ya'yanka ne ke kwana a ƙarƙashinsa. Ka rage masa abin da ya kwanto kan kwano, a yi yanka mai kyau, a shafe wurin. Amma ka bar masa inda zai yi toho. Batun ba mai sha sai jemage kuwa, kai ne ba ka fitowa da wuri. Tun da haƙorana suka tafi, ni ke tsince waɗanda suka faɗo bayan sallar asuba. Tsaminsa na nan, zarensa na nan, ba abin da ya sake. In bazara ta zo ka turo mini ƙaramar 'yarka, mai sunan Iya, in koya mata yadda ake murzawa.